Titunan malamai, ajujuwan da aka kulle: Abuja da ma'aunin shugaba mai hidima

Ranar Litinin, 24 ga Maris na 2025, malaman makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya suka ajiye alli, suka rufe ajujuwa. Ba su koma ba sai a mako na biyu na watan Yuli. Fiye da kwana ɗari ke nan yaran Abaji da Kwali da Kuje da Gwagwalada da Bwari da na cikin ƙwaryar birni suna zaune a gida: ƙarshen zangon karatu na biyu ya tafi, na uku ma kusan duka ya bi shi. Abin da malaman ke nema ba wata alfarma ba ce. Suna so a fara biyansu da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu tun Yulin 2024, a kuma biya su bashin ƙarin albashi da alawus-alawus da suka taru a wuyan ƙananan hukumomi shida na birnin. Wannan kuma ba shi ne karo na farko da suka shiga yajin aiki a kan irin waɗannan haƙƙoƙi ba. Sun sha shiga, a yi zama, a sa hannu a takarda, su janye, sannan a manta da su.

Ana tsakiyar wannan yajin aiki, a watan Yuni, aka yi gagarumin bikin sake buɗe babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja, wanda gwamnatin Babangida ta gina a 1991. An kashe masa naira biliyan 39 wajen gyara, aka kuma sauya masa suna zuwa na shugaban ƙasa mai ci. Manyan motoci suka cika harabar, aka yi jawabai, aka yi tafi. Ba wanda ya ce kada a gyara zauren taro; birnin da ke karɓar baƙin duniya yana buƙatarsa. Duk wanda ya haɗa maganar biyu kuwa, nan take za a ba shi amsa cewa ai aljihun ba ɗaya ba ne: zaure na ministan Abuja ne, albashin malaman firamare kuma na ciyamomi ne. Amsar daidai ce a takarda. Sai dai uban da 'yarsa ta koma tallar gyaɗa a bakin tashar Zuba saboda an kulle makaranta bai san aljihu biyu ba. Shi gwamnati ɗaya ya sani.

Yana da kyau a fahimci yadda aka raba nauyin, domin a cikin rabon ne kowa yake samun wurin ɓuya. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, Majalisar Tarayya ce ke yi wa birnin doka da kasafi. A ƙarƙashin minista akwai sakatariyar ilimi da hukumomin da ke kula da sakandare. Firamare kuwa, waɗanda kowa ke kira makarantun LEA, albashin malamansu yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi. Ciyamomi suka ce kason ba ya isa. Minista Nyesom Wike ya ce ba aikinsa ba ne, kuma ya riga ya taimaka. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce ita dai a biya. Aka yi ta jifan juna da zance har ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago suka fara fita zanga-zanga. A ƙarshe abin da ya kashe wutar shi ne ministan ya tara ɓangarorin a farkon Yuli, aka amince a riƙe kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar da ake ware wa ƙananan hukumomin, na tsawon wata shida, a rage bashin malamai da shi. Maganin da aka samu cikin zama ɗaya a Yuli, babu abin da ya hana a same shi a Afrilu, in ban da cewa kukan bai kai kunnen da ya kamata ba.

Dalilin da ya sa bai kai ba a fili yake. Ba 'ya'yan Maitama da Asokoro ne ke zuwa makarantun LEA ba. Masu zuwa su ne 'ya'yan maigadi da direba da mai wanki da guga, 'ya'yan masu tura baro a kasuwar Wuse, 'ya'yan masu sayar da katako a Dei-Dei, 'ya'yan manoman Gbagyi da Gade da Ganagana da Bassa waɗanda birnin ya zo ya same su a gonakinsu, da yaran Hausawan Karmo da Gwagwa da Mpape. Ko ƙaramin ma'aikacin gwamnati, in yana da hali, gara ya ci bashi ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ko da ɗakuna uku ce a bayan wani shago. Da a ce makarantun da 'ya'yan ministoci da sanatoci ke zuwa ne aka rufe na mako guda, da majalisa ta yi zaman gaggawa.

Birnin da ya ɗauki sunayen malamai

Abin da ke ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, da wuya a sami babban birni a Afirka da ya jera sunayen malaman makaranta a kan titunansa kamar Abuja. Titin Ahmadu Bello, wanda ya ratsa birnin daga Garki har Wuse da gaba, sunan mutumin da ya koyar a Midil ta Sakkwato ne daga 1931 kafin a naɗa shi Sarkin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne, har ya zama hedimasta a Midil ta Bauchi. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno. Aminu Kano, wanda titinsa ya zagaye Wuse 2 da shagunanta masu tsada, malami ne tun kafin siyasa, kuma bai taɓa yarda ya bar laƙabin ba. Ita kanta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tana zaune ne a sakatariyar da ke kan titin Shehu Shagari, wani tsohon malamin Midil ta Sakkwato, tsohon hedimasta a Argungu.

Har sunan birnin ma daga hannun malami aka karɓe shi. Lokacin da gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas a Fabrairun 1976, Abuja sunan wata masarauta ce da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, aka sa mata sunan Sarki Abu Ja. Wanda ke kan gadon sarautar a 1976 shi ne Sulaimanu Barau. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aikin koyarwa, sannan ya hau sarauta a 1944, a zamanin da sarkin da ya zauna a aji ya riƙe alli abin nunawa ne. Masarautarsa ta ba da suna, ta ba da wani yanki na ƙasarta, garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne ya hana talakawa yin hurwa, wato zuba ƙasa a ka in an zo gaishe da sarki. Wani zai ga ƙaramin abu ne. Amma mutumin da ya saba tsayawa gaban yara yana ce musu su ɗaga kai su ba da amsa, shi ne zai ji nauyin ganin dattijo yana ɗibar turɓaya yana zuba wa kansa.

A fadarsa ne kuma Baturen nan mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tulunan wata mata 'yar Kwali, waɗanda sarkin ya tara saboda kyansu. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ba ta yi boko ba, amma ta je Ingila da Amurka tana nuna wa ɗalibai aikin hannunta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Garin da ta fito yanzu hedikwatar ɗaya ce daga ƙananan hukumomin nan shida da makarantunsu suka yi wata uku a kulle.

Kada dai a ɗauka zamanin waɗancan malamai aljanna ce. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 ba don ɗan talaka aka yi ta ba. Turawa sun so su horar da 'yan tsirarun da za su koyar da 'ya'yan sarakuna, su riƙe ofisoshin En'e. Ilimin mata kuwa sai dai a yi shiru. Ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu a yau tana da saiwa a wancan tsari, kuma wasu daga cikin waɗanda muke yabo sun zauna lafiya da shi. Abin da ya bambanta su da na yanzu shi ne sun san aji daga ciki, kuma makarantar gwamnati ita ce makarantar kowa; babu wata ta daban da babba zai kai ɗansa ya huta da tunanin ta talaka.

A cikinsu, wanda ya fi kowa ɗaukar aji a matsayin wurin sauya al'umma shi ne Malam Aminu Kano. A Bauchi ya haɗu da Sa'adu Zungur, suka shiga tara matasa ana muhawara a kan mulkin En'e a lokacin da yin haka kan iya jawo wa mutum kora. Ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru, can nesa da birane, ko ya yi sanyi. Bai yi ba. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi jam'iyyar NEPU. Siyasar da ya yi daga nan har rasuwarsa a Afrilun 1983 darasi ce mai tsawo: a koya wa talaka cewa harajin da ake karɓa a hannunsa yana da lissafi, alƙali yana da iyaka, mace tana da ƙuri'a, kuma ana iya ce wa hakimi a'a. Bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba. Amma gwamnatocin jam'iyyarsa ta PRP da suka hau a Kano da Kaduna a 1979 sun soke haraji da jangali, kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, magidanta da matan aure suka koma aji da yamma. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma duk wanda ya shiga ɗakin da ya kwana ya san ba a tara dukiya a nan ba.

Akwai wani ɗan yanki na tarihin Shagari da ba a cika faɗa ba, alhali a ganina ya fi wasu shekarunsa na mulki nauyi. Bayan juyin mulkin 1966 ya rasa kujerar minista, ya koma gida. Maimakon ya zauna jiran a kira shi, sai ya karɓi aikin sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, yana bin garuruwa ana tara gudummawar jama'a ana gina makarantu. Tsohon ministan tarayya yana lissafin bulo da kwanon rufi. Yau in minista ya sauka, sai dai a ji shi a Dubai.

Alkawarin Dandalin Eagle

A Dandalin Eagle, 'yan taku kaɗan daga Ma'aikatar Ilimi, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi rantsuwar kama mulki ranar 29 ga Mayu, 2007, ya kuma gabatar da kansa ga 'yan Najeriya a matsayin shugaba mai yi wa jama'a hidima. Daga ranar maganar ta shiga bakin 'yan siyasar ƙasar nan, har ta zama abin da ake bugawa a fosta. Masu nazarin shugabanci a Turai da Amurka suna danganta ra'ayin ga Robert Greenleaf, wani tsohon ma'aikacin kamfanin tarho na AT&T da ya yi rubutu a kai a 1970. Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Malaman jihadi sun cika littattafai da bayanin cewa mulki amana ce, kuma an ɗora sarki ne domin maslahar talakawa, ba talakawa domin sarki ba. Amma akwai ma'auni guda a tunanin Greenleaf da ya dace da zancenmu: a dubi waɗanda ake yi wa hidimar, shin suna ƙaruwa, suna ƙara iya tsayawa da ƙafafunsu? Kuma mafi rauni a cikin jama'a, me ya samu? Da wannan ma'auni, makarantar firamare ita ce wurin da za a fara dubawa.

'Yar'aduwa ma malami ne. Ya karanta ilimin koyarwa da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar a Zariya da Katsina daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983, kuma a ƙuruciyarsa ɗan PRP ne, duk da cewa gidansu na ɗaya ɓangaren ne. Ya yi abubuwan da ba a saba gani ba. Ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a wata guda bayan hawansa. Ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya duba. Ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Ba na shakkar cewa mutumin yana nufin abin da ya faɗa.

Duk da haka, a zamaninsa ne malaman firamare da sakandare na ƙasa baki ɗaya suka yi yajin aikin makonni a tsakiyar 2008 a kan tsarin albashi na musamman, sai da gwamnoni suka yi alkawarin ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari, wanda jihohi da dama suka yi shekaru suna ja da shi. A zamaninsa ne jami'o'i suka rufe kusan wata huɗu a 2009, aka ƙulla yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi shekaru tana ambata duk lokacin da za ta tafi yajin aiki. Rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, ya rasu a Mayun 2010, ba za a ɗora masa duka ba. Abin da tarihinsa ya nuna dai shi ne tawali'un shugaba da tsabtar hannunsa ba sa biyan albashin malamin da ke Rubochi ko Yaba. Tsakanin kyakkyawar niyya a fadar Aso Rock da allon aji akwai teburori da yawa, kuma a kan kowanne fayil na iya kwana.

Doka tana nan, kuɗi ma suna nan

Ba doka aka rasa ba. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a Satumbar 1999, dokarsa ta fito a 2004: shekara tara na karatu kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda ofishinta ke Wuse Zone 4. Sharaɗin shi ne jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauki na tarayya. Shekara da shekaru shugabannin hukumar suna kuka cewa biliyoyin naira na kwance a asusu, gwamnoni sun ƙi kawo nasu kason su ɗauka. Wannan a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara fiye da miliyan goma ba sa zuwa firamare, UNESCO kuma ta ƙiyasta a 2022 cewa in an haɗa da 'yan sakandare adadin ya kai kusan miliyan ashirin, mafi yawansu a Arewa.

Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta: karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira dubu biyu ko ɗaurin wata ɗaya, na uku dubu biyar ko wata biyu. Ciyaman ɗin da ya bar makarantun ƙaramar hukumarsa a kulle kwana ɗari fa? Shi babu tara, babu gargaɗi. Kotun ECOWAS mai zama a Abuja ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a kotu, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ma ta faɗi haka a 2017 game da ilimin matakin farko. Hukunce-hukuncen suna nan a ajiye.

Inda ake samun kuzari shi ne wajen gini. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, ta buɗe ta farko a Gagi, Sakkwato, a Afrilun 2012. Bayan 'yan shekaru sai ga rahotanni daga jiha zuwa jiha: wasu an mayar da su wani abu dabam, wasu rufin ya yaye, wasu ba a taɓa sa yara ba. An yi gini, ba a yi tanadin wanda zai ciyar da yaran ba, ba a zauna da alarammomi an ji abin da za su yarda da shi ba, ba a tantance wanda zai biya malamai ba. A Mayun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, aka ƙara wani ofishi a Abuja. Almajiran kuwa suna nan a gadar Mararaba da kasuwar Dei-Dei da bakin masallatan Juma'a, sai lokaci-lokaci a aiko motar kame ta kwashe mabarata a ce ana tsabtace birni.

Dalilin son gini ba ɓoyayye ba ne. Gini yana da kwangila, yana da allon suna, ana yanke masa ƙyalle a gaban kyamara. Albashin da aka biya ranar 25 ga wata ba ya fitowa a talabijin. Haka gyaran masai a makarantar da 'yan mata ke daina zuwa da zarar sun fara girma saboda babu inda za su kewaya. Haka tura mai duba makarantu ƙauyen da sai an hau babur an ƙetare rafi. Haka ɗaukar malami saboda ya iya, ba saboda kansila ya kawo sunansa ba. Hidimar da ilimi ke buƙata kusan dukkanta irin wannan ce, aiki mai gajiyarwa wanda sakamakonsa ba ya bayyana sai bayan wanda ya yi shi ya bar kujera. Buhari ya yi wa malamai alkawarin tsarin albashi na musamman a Ranar Malamai ta 2020. Abin da ya tabbata a doka shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, wanda ba ya cin kuɗi nan take.

An yi ƙoƙarin ɗaure manya da igiyar doka. A Maris na 2022 Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudurin Sergius Ogun, wanda ya nemi a taƙaita yadda jami'an gwamnati ke kai 'ya'yansu karatu ƙasashen waje. 'Yan majalisa suka ce tauye haƙƙi ne. Nasir El-Rufa'i, tsohon ministan Abuja, ya kai ɗansa makarantar gwamnati a Kaduna a 2019 yana gwamna, daga baya ya cire shi saboda barazanar masu garkuwa da mutane. Wasu suka ce wasan kwaikwayo ne tun farko, tunda sai da aka gyara makarantar. To, ko da haka ne, ai an gyara ta. Ni ban ga laifin wasan da zai sa a gyara makaranta ba. Da ciyamomin Abuja shida za su yi irinsa, da an rage wani abu.

Masu cike gurbi

A gefen wannan duka akwai mutanen da ba su jira kowa ba. A sansanonin 'yan gudun hijira na Durumi da Kuchingoro da Wassa, inda mutanen Gwoza da maƙwabtanta suka sauka tun wajen 2014, an daɗe ana karatu a rumfunan kwano da tantuna, masu koyarwa 'yan sa-kai ne, wasu daga cikin 'yan gudun hijirar kansu, wasu matasa masu yi wa ƙasa hidima, wasu daga masallatai da coci-coci. Durumin nan kuwa ita ce unguwar da ɗaya daga makarantu mafi tsada a ƙasar nan take, inda ake lissafin kuɗin makaranta da dala. A Kuje akwai makarantar sakandare ta KNOSK da aka buɗe a 2019, wadda ke karɓar naira ɗari a rana daga yaran gidajen marasa ƙarfi, ta ba su littattafai da kayan makaranta da abincin rana, sauran kuɗin kuma masu taimako ke cikawa. Can Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa ta marayu a 2007, da rikici ya ɓarke ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan mayaƙan da aka kashe, ya zaunar da su a benci ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017.

Wannan hanya tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ba ta jira an gina mata makaranta ba. Ta naɗa mata dattijai da ake kira jaji, waɗanda ke bin ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wanda ya rayu bayanta da shekaru masu yawa. Makarantun Islamiyya na dare da matan aure ke cikawa a Nyanya da Kubwa da Gwagwalada jikokin wannan tunani ne, kuma akasarin malamansu abin da ake ba su bai kai kuɗin mota ba.

Sai dai a yi hattara da yabon. Makarantar sa-kai tana ɗaukar yara ɗari ko ɗari biyu. Firamaren gwamnati a Abuja ɗaruruwa ne, yaran cikinsu dubun dubata. Duk mai kirkin da ya buɗe aji a rumfa yana toshe ramin da wani mai albashi da motar ofis ya bari ne, kuma sau da yawa shi wannan mai motar ne ake gayyata ya zo ya ba shi lambar yabo. In hidima ta zama aikin 'yan sa-kai kawai, masu riƙe da kasafi sun sami hutu ke nan.

Akwai wata dama da mazauna Abuja ke da ita wadda sauran 'yan Najeriya ba su da ita. A jihohi 36, hukumomin zaɓe na gwamnoni ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san yadda sakamakon ke fitowa: jam'iyyar gwamna ta lashe duka. A Abuja kaɗai INEC ce ke gudanar da shi, shi ya sa ake ganin jam'iyyu daban-daban suna cin kujeru, ciyaman mai ci kuma yana iya faɗuwa. Kujerun ciyamomi shida da na kansiloli 62 su ne ke riƙe da albashin malamin firamare. Amma ranar zaɓensu rumfuna a cikin birni kusan fayau suke. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa ƙuri'arsu tana garuruwansu na asali, waɗanda suka yi rajista a nan kuma suna ganin zaɓen ciyaman bai kai a bar gida ba. Masu fitowa su ne mutanen ƙauyuka da unguwannin gefe, wato iyayen yaran LEA, kuma abin da aka saba kai musu a lokacin kamfe shi ne atamfa da taliya da alkawarin taransifoma. Ƙungiyar malamai tana da rassa a ƙananan hukumomin shida, kusan kowace makaranta kuma tana da kwamitin iyaye da malamai. Lissafin watannin da kowane ciyaman ya biya da waɗanda ya riƙe yana hannunsu, ba sai sun nema a wurin kowa ba.